Tudun Toka

Kakata Huligemma ta ce dodo aka ƙone a nan,
shi ya sa tudun ya yi fari fat kamar ƙashi,
shi ya sa ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro a kansa.
Haka muka tashi muna kewaye shi da awakinmu,
rana na faɗuwa ba mai taka shi.

Bana sai ga mutanen jami'a daga Dharwad
da igiya da turaku da 'yan cokulan magina.
Suka ɗauke ni tankaɗe, rupi ɗari huɗu a wuni.
Ni Durugappa, da na shekara hamsin ina tsoron wurin,
ga ni durƙushe a cikinsa da rariya a hannuna.

Kwana tara, babu dodo.
Sai tsingaron tukunya mai launin hadari,
sai gatarin baƙin dutse, sumul kamar harshen maraƙi,
sai haƙorin saniya,
wanda ciyawa ta cinye shi daidai yadda take cinye na tamu.

Dakta Nagaratna ta murje tokar a tafinta,
ta ce, "Baba, kashin shanu ne.
Garke ya kwana nan shekara dubu huɗu da suka wuce.
Ga ramukan shinge a jere,
ga inda kofato ya nutse a taɓo, wuta ta gasa sawun.
Su tara, su tara, har ya kai ƙirjin mutum, su cinna masa.
Dalilin ne ba mu sani ba."

Na yi shiru, don ba a tambaye ni ba.
Sai da muka zauna cin gurasar dawa a inuwar mota
na ce, mu dai, idan an gama girbi,
mukan shafa wa bijimai shuni a ƙaho,
mu kunna kara, mu kora su su tsallake,
kaska ta faɗi, cuta ta bi hayaƙi.
Ta ajiye gurasarta ta ɗauko littafi,
ta ce in maimaita sunana a hankali.

Da la'asar na hau da ita kan dutsen.
Na nuna mata bijiman da aka sassaƙa a jikin falale,
tozo kamar tulu, ƙaho ya fi gangar jiki tsawo.
Wanda ya zana su ya san saniya,
ya san yadda take karkata wuya in ta ji muryar mai ita.
Can gefe akwai dutsen da ke amsawa.
Na sa tsakuwa a gurbin da hannuwa suka riga suka rarake,
na buga.
Ya yi kuka kamar tasa, har awakina suka ɗago kai daga ƙasa.

Kafin amon ya mutu, nakiya ta tashi a ɗaya gefen,
inda masu fasa dutse ke loda wa Ballari tsakuwar gini.
Ƙura ta sauko mana a gashi.
Dakta ta rufe littafinta da gefen sari.

Daren nan ban kewaya ba, ta kan tudun na bi,
awaki suna biye, suna atishawa.
Kaka, ki yi haƙuri, ba dodo ba ne.
Makiyaya ne suka kwana, suka tashi,
ba su share wurin ba.