Shirwa Shida

A Keelung ruwan sama ba ya gajiya.
Lema a hagu, hannun jikata a dama,
muka hau bene na uku, wurin likita Yen,
inda haruffa ke rataye a bango
suna ƙanƙancewa kamar mai sauka rijiya.

Shu-ting ta karanta layi biyu, ta tsaya.
Ta runtse ido, ta miƙa wuya irin na kunkuru,
ta ce, "Kaka, sauran hayaƙi ne."

Ni da na shekara arba'in ina bin kifi,
nakan hango tsuntsu ya faɗa ruwa
tun abokan jirgina ba su ji kukansa ba.
Na ce, a ina ta gaji wannan?
Ba dai a gidanmu ba.

Likita ta ɗauko ƙwallon roba, ta matsa shi
har ya yi tsawo kamar ƙwan agwagwa.
Ta ce, ido ma yaro ne, girma yake yi,
kuma ba ya musu.
Inda aka ajiye shi, nan ne duniya a wurinsa.
Ka ba shi littafi kullum, taƙi ɗaya daga hanci,
sai ya yi ta miƙewa ta baya
don ya kama na kusa da kyau.
Na nesa kuwa ya taho, ya faɗi a hanya,
kamar ƙugiyar da igiyarta ta gaza.

Na ƙirga yinin yarinyar a yatsuna:
aji, sai darasin yamma a ɗaki marar taga,
sai tebur ƙarƙashin fitila,
sai waya cikin bargo bayan uwarta ta yi barci.
Tagarmu ma bangon maƙwabci take kallo,
kamu biyu tsakani, da bututu mai tsatsa.

Na ce, zai koma yadda yake?
Ta girgiza kai.
Abin da ya miƙe ya miƙe,
sai dai a rage masa gudu.
Haske, in ji ta, na waje,
ko da gajimare ya rufe rana. Awa biyu kullum.

Uwarta ta ce jarrabawa saura wata huɗu.
Muka yi ta ja-in-ja har shinkafa ta huce.
Awa ɗaya da rabi na samu.

Yanzu da an tashi makaranta
muna zama kan katangar tashar jiragen ruwa,
sabon tabarau yana zamewa a hancinta,
ina nuna mata jirgin dakon kaya
can inda teku ta jingina da sama.

Jiya wasiƙa ta zo daga ofishin fansho.
Na nisanta ta iyakar hannuna,
haruffan suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.
Ta karɓa, ta karanta min tas,
har da ƙananan nan na ƙasa.
Ta ce, "Kai ka riƙe nesa, ni in riƙe kusa."
Na ce ban yarda ba. Ɗaga kai,
ƙirga min shirwar da ke shawagi bisa ruwa.

Ta gyara tabarau, ta ce shida.
Ni biyar na gani.
Na goge ido da bayan hannu, na sake dubawa.
Ta shidan tana can, ƙarama,
ta kusa shigewa cikin hazo.