Kwamfutar Yaya Sabi'u

Minti goma sha ɗaya take yi kafin ta farka.
Na ƙirga. Na ɗora ruwan shayi a risho,
ya tafasa, na haɗa, na sha rabi,
ita tana nan tana juya ɗan zobenta
kamar tsohuwa mai laluben carbi cikin duhu.

Fankarta na gurnani irin na tifa
da ta ɗauko yashi ta nufi Hawan Kibo.
Harafin "k" ya daina amsawa tun damunar nan
da ƙanƙara ta huda mana kwano a Gangare.
Batir kuwa ya riga mai shi tafiya:
a zare caja, ta cika, ba ko salati.

Zuwaira ce ke so, 'yar marigayin.
Ta samu gurbi a jami'a, lissafin kuɗi za ta karanta.
Ta ce, "Baffa, ba a karɓar rubutun hannu,
mai buga takardu na titin Bauchi kuma
ɗari biyu yake yankar mutum a shafi."
Ba ta ce in sayo sabuwa ba.
Yarinyar ta san albashin malamin firamare,
ta san ranar shigarsa, ta san ranar da yake sallama.

Na naɗe tsohuwar a tawul saboda yayyafi,
na hau keke zuwa Taminus.
Gyang ya kwance cikinta da ɗan sukundireba,
ya hura, ya yi atishawa, ya yi dariya:
"Malam, wannan ai fansho ya kamata ta ci."
A ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sauya faifai, a sa batir,
dubu sittin da biyar, ban da ladan hannunsa.
Ya nuna mini wata 'yar Beljiyam a kan kanta,
siririya, baƙa wuluk, dubu ɗari biyu da talatin.
Na yi mata kallon da ake wa ƙirjin sa a mahauta
ranar ashirin da takwas ga wata.

Na ce, kar fa mu yi gyaran gangar Auzinawa.
Ya ce, "Shekara biyu na ɗauka maka.
Ta uku, sai ka tambayi Allah."

Kafin ya zare tsohon faifan
ya ce in duba ko akwai abin da nake so.
Buhunan dankali daga Bokkos, layi-layi,
wane ya biya, wane ya ce sai bayan salla.
Sunana na ciki: dubu tara, bai taɓa tuna mini ba.
Hoton ranar suna, rago a ɗaure jikin gwaiba.
Sai wata takarda mai layi ɗaya da rabi:

Zuwaira, o ba na nan, ar i bar aratu.
Baffan i zai

Nan ya tsaya. Ko wuta aka ɗauke,
ko an kira salla, ko mai bashi ya yi sallama.
Shekara huɗu ke nan jimlar na jirana
ban san ana jirana ba.

Gyang ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Na ce a yi aikin. Tsohon faifan a sa mini a leda.
Ya ce, "Madannan fa? Dubu takwas."
Na yi shiru. Ya ce mai karatun kuɗi
ba za ta shekara huɗu tana rubuta "uɗi" ba.
Na ce to, a sa mata "k" ɗinta.

Rabi na biya, rabi sai wata ya mutu.
Kuɗin keke ma ya bi sahu,
na taka da ƙafa ta Dilimi, tawul a ka,
ledar a aljihun gaba, ruwa na neman ta,
ina tare ta da tafin hannu.