Shayin Bakin Rami

Baƙo, in jirgin ƙasa ya sauke ka a Karadere,
kada ka tambayi masauki, babu shi.
Bi ƙamshin shayi, shi zai nuna maka gari.

Fara da shagon Nurettin, gab da tasha,
mai shuɗiyar ƙofar da ba ta rufuwa duka.
Buta kan buta yake ɗorawa tun kafin assalatu,
ta ƙasa na tafasa, ta sama na haƙuri.
Zai miƙo maka kofin gilashi mai siririn ƙugu,
ja wur kamar garwashi, ƙwayar sukari biyu a gefe.
Kul ka ce ya zuba madara.
Wani ya taɓa faɗa, har yau ana ba da labarinsa.

In jiniyar ƙarfe takwas ta yi kuka, matsa gefe.
Masu aikin dare ne ke fitowa daga cikin ƙasa,
fuska baƙi ƙirin, ido da haƙora kaɗai ke haske,
kowa ya kama kofi ya bar masa sawun yatsa.
Ba mai cewa uffan sai na biyu ya sauka.
Na ukun ne ke kwance baki:
albashi, ƙwallo, da gwiwar da ta fara ƙara.

Da hantsi ka hau tudu, matakala ɗari da sha bakwai,
ni na ƙirga, da huhun da kwal ya ci rabi.
Can Şükriye take, tebur huɗu da kyanwa ɗaya.
Burodinta zobe ne, riɗi ya rufe shi ruf,
ga cuku mai gishiri, ga zumar da ƙaninta
ke saukowa da ita daga kan duwatsu.
Ta taga za ka hango Baƙin Teku
da jiragen da ke jiran abin da muka haƙo.
A bayan kalanda take rubuta bashi.
Ranar albashi ta yage shafin,
wani sa'in ma tun kafin a biya.

Akwai na Cevdet, bayan ofishin ƙungiya.
Gaskiya ɗaya ce, shayinsa kwana yake,
amma murhunsa ya fi na kowa ɗumi,
can tsofaffi ke buga ƙwayoyi a kan allo,
suna tari, suna zagin juna cikin ƙauna.
Je don hira. Sha ɗaya saboda kara.

An kuma buɗe sabon wuri a dandali,
injin gahawa mai huci, kujeru masu dogon ƙafa.
Jikata Nehir ce ke aiki a can,
tana zana ganye a kan kumfa da hannu ɗaya.
Kuɗin gahawa guda ya sayi shayi bakwai.
Na je sau biyu. Na yaba. Ban dai gane ba.

Amma in magariba ta kawo jiki,
bi layin dogo har inda ya gaji,
bakin rami na uku, wanda aka toshe da kankare.
Rumfa ce kawai, benci biyu, fitila ɗaya.
Hayriye ba ta da allon suna, ba ta kiran kowa.
Za ka ga ta cika kofi ta ajiye a ƙarshen benci,
ƙarƙashin ƙusar da ke riƙe da lambar tagulla,
ɗari biyu da arba'in da ɗaya.
Kada ka zauna nan. Kada ka tambaya.
Ni na ba shi fitila a safiyar ranar,
shekara talatin ke nan ina jiran ya maido.

In ya huce, takan zubar a gindin ɓaure,
ta ɗauraye kofin, ta kife.
Sannan ta juyo ta dube ka:
mai kauri kake so, ko mai ruwa-ruwa?

Ce mata mai kauri.
Jirginka sai ƙarfe tara.