Bencin Obalande

Shekarata sha tara, birona ɗaya, tebur na aro,
a gindin gadar Obalande nake rubuta wa mutane wasiƙa.
Ta gida naira ɗaya, ta hukuma biyu.
Ran Talata suke zuwa,
su huɗu, ko biyar in ƙafar Kofur Nomau ta yarda.

Saje Gagare ne babbansu.
Lambobinsa uku a gwangwanin madara suke kwana,
wai ƙirji ya gaji da dako.
In hadarin Ikko ya taso daga bakin teku
sai ya bar mu da zancenmu,
ya ɗaga hanci yana shinshinar iska.
"Ruwan Bama ne," in ji shi, "bai daina bina ba."

Ya ce can matsattsaku har cikin takalmi,
da wutar taba ake roƙonsu su sauka.
Ya ce sun bar Jatau a gindin gora,
bargo ne likkafaninsa,
suka yi ta gardama kan inda za a juya fuskarsa,
don a ƙasar nan alƙibla tana mafaɗar rana.
"Yaro, inda gabas ta koma yamma,
me kuma zai ba ka mamaki?"

Sannan ya gyara murya: "Rubuta.
Ranka ya daɗe, ni ne mai lamba kaza."
Lambar ba ta taɓa kuɓuce masa ba.
Sunan ƙauyensu ne sai ya yi shiru ya lalubo.

Nomau bai ga Bama ba, nasa yaƙin na gida ne.
A ƙetaren Kwara aka kama shi.
Wata sha ɗaya a ajin wata makaranta,
an toshe tagogi da kwano.
Allon yana nan, da lissafin da yara suka gudu suka bari,
shi yake kallo safe da yamma
har wani ɗan'uwan ɗauri ya karanta masa:
bakwai sau takwas, hamsin da shida.
Iyakar bokonsa ke nan,
bai taɓa shiga aji ba sai da aka kulle shi a ciki.

Ba ya zama ya ba ƙofa baya.
Ba ya yar da ɓawon rogo.

Wata Talata ya zo da wani siririn dattijo
mai tallar batir da ƙwan tocila a Idumota.
"Wannan Udeze ne. Shi ke riƙe da makullin."
Na ajiye biro.
Saje ya dube shi, ya daɗe,
sannan ya muskuta. Benci ya ishe su.

Ashe a bas ɗin Oshodi suka haɗu,
tarinsa ya ji daga baya, ya gane shi.
"Rogo ɗaya ake ba shi a yini,
mai gadi bai fi fursuna ƙoshi ba.
Sai ya karya, ya turo ta ƙasan ƙofa,
kullum nawa ya fi tsawo."
Udeze, da Hausarsa ta Sabon Gari, ya ce,
"Ƙarya ne. Daidai nake karyawa."
Kan wannan suka yi musu har la'asar.

Wasiƙa arba'in da ɗaya na rubuta wa Saje.
Amsa ɗaya ta zo, bayan sadakar bakwai ɗinsa:
a kawo shi ofis, a tabbatar yana da rai.
Tana nan a akwatina, ta yi ja.

Yanzu na kusa shekarun da na same shi.
Ba mai neman marubucin wasiƙa.
Inda bencin yake, wata yarinya ke sayar da katin waya.
Amma in hadari ya taso daga bakin teku
nakan ji hancina ya ɗagu da kansa,
in kuma na karya burodi zan miƙa wa wani,
sai na tsaya na gwada biyun.