Yatsun Mai Cafka

Kin daɗe kina satar kallon hannuna, Odella.
Matso kusa.
Ba ciwo ba ne, ba haka aka haife ni ba.
Shekara guda ce ta kwanta cikin ƙashin, ta ƙi tashi.

Alif ɗari takwas da tamanin da huɗu,
garin Pellam, bakin kogin Ohio,
inda ma'aikatar gilashi ba ta barin wuta ta huta.
Mu tara aka zare daga bakin tanderu,
aka ce daga yau besbol ne sana'arku,
dala sittin duk wata.
Babana ya tofar da taba ya ce,
"Ƙato da gashin baki, a biya shi ladan guje-guje?"
Ran Asabar sai ga shi bisa katanga,
bai biya kuɗin ƙofa ba, ya fi kowa ihu.

'Yan Fitila ake ce mana.
Ni ke tsugune bayan mai kulki,
ba safar hannu, ba abin kare fuska,
sai guntun roba tsakanin haƙora.
Lemuel Krantz ke jifa,
siriri kamar a hure shi ya faɗi,
amma in ya saki ƙwallo, kunne ke riga ido labari.
Wannan ɗan autan, shi ya karya shi a watan Mayu.
Na naɗe da tsumma, na ce, "Ƙaro."

Mun yi barci a zaune cikin jirgin ƙasa,
tokar kwal a wuyan riga.
Mun ci wake har wake ya san sunayenmu.
A Yuli muka sha kashi bakwai a jere,
jarida ta ce fitila ta ƙare mai.
Cormac Dunleavy ya yage shafin,
ya shimfiɗa cikin takalminsa,
ya taka shi tun daga nan har kaka.

Wasan ƙarshe, Oktoba, da 'yan Harwick.
Muna da biyar, suna da huɗu,
rana ta rataye a bututun ma'aikata, tana shirin zamewa.
Mutum ɗaya ya rage mu fitar.
Kulki ya yi ƙara, ƙwallo ta nufi kogi,
ƙatonsu ya zagayo, ya doso gida, ya doso ni.
Cormac ya wurgo daga can gindin katanga.
Ita da shi tare suka iso.

Na farka da ƙasa a baki.
Alƙalin wasa ya sunkuyo da doguwar hularsa,
ya ce, "Buɗe hannunka."
Hannu ya ƙi.
Shi ya ɓamɓare yatsun, ɗaya, ɗaya,
biyu sun juya baya,
ƙwallo kuwa tana nan.

Daren nan kowace taga a Pellam ta kunna fitila.
An ɗauke mu a kafaɗa har bakin gada.
Kafin asuba Abernath, mai ƙungiyar,
ya bi jirgin ruwa da akwatin albashinmu.
Wata biyu muke bin sa. Har yau muna bi.

Tutar zakaru kaɗai ya bari.
Muka yanka ta tara da askar Lemuel.
Rabona rabin harafi ne da ɗan geza.
Kakarki Hesper ta yi wa babanki maho da shi
a gwiwar wando, sanyin bana-bana ya cinye.

Ran Litinin na koma tanderu,
yatsu suka kasa riƙe bututun hura gilashi.
Shekara talatin na yi gadin ƙofa.
Masu wucewa kan ɗaga hula,
har waɗanda suka san dalili suka ƙare.

Kada ki ɓata fuska.
Ga tuffa can a kwando, ɗauko.
A'a, ba miƙowa ba.
Ja baya. Ƙara ja.
Yanzu jefo, da ƙarfinki duka.