Tawada a Wuyan Hannu

Sau biyar a rana muke haɗuwa.
In naɗe hannun riga, in karkata buta,
ruwa ya bi ta kansa ya gangara kwata,
ya tafi da gumi, ya tafi da dattin Nima,
shi kuwa ko gezau.

Malam-buɗe-littafi na ce a zana mini,
yau shekara huɗu.
Fukafukan sun baje, tawadar ta yi kore-kore.
Ƙanena Mubarik ya ce ya fi kama da jemagun
da ke lilo a bishiyoyin asibitin soja.
Na bi shi da ludayi har bakin ƙofa,
amma yaron bai yi ƙarya ba.

Da, in an tambaye ni, amsa ba ta yi mini wuya.
In ce Adiza ce ta ja ni.
In ce waya ce, da 'yan matan cikinta
masu fata sumul kamar ba su san sauro ba.
In ce Shaiɗan ne,
shi dama ba ya zuwa ya kāre kansa.

Ni na tsayar da motar Osu.
Ni na ƙirga sidi ɗari biyu,
kwasar adashina, ladan kalmasa da ɗinkin maɓalli
a shagon Anti Samata.
Mai zanen ma, Kwabena, sau biyu yana ajiye allura:
"'Yar'uwa, wannan fa ba lalle ba ne."
Na ce na sani. Na miƙa hannu.
Shekarata sha tara ina bin lungu kamar inuwar katanga,
ranar so nake a gan ni,
so nake in sami abu ɗaya a jikina
wanda ba gado ba ne, ba kuma kyauta ba.

An gan ni ɗin. Sati biyu.

Daga nan sai Kantamanto,
ina tonon gwanjo, ina neman dogon hannu
a watan da kwalta ke narkewa.
Agogo mai faɗin madauri. Awarwaro shida.
Na je wani asibiti a Is Legon, mai sanyi kamar firji,
suka ce zuwa shida, kuɗin keken ɗinki biyu,
kuma tabo zai iya zama.
Shiga da arha, fita da tsada.
Na sha ruwansu na kyauta, na dawo gida.

Kaka Zuwera ce ta cafke ni, ina zuba mata koko.
Ta juya hannun, ta tofa yawu a yatsa,
ta murza, ta sake murzawa.
Sannan ta nuna kumatunta, tsaga uku nan, uku can:
"Nawa wanzami ya yi, ina kwana bakwai a duniya,
ba wanda ya nemi shawarata,
kuma ban taɓa gaba da madubi ba.
Naki ke kika saya.
To ɗauki kayanki, ki daina neman kan da za ki ɗora wa.
Wanda kike jin kunya, hannun riga ba ya tare masa gani.
Roƙe shi gafara. Ƙaro mini sukari."

Ban ce ina son zanen ba.
Har gobe in na gan shi, wani abu na tsinkewa a ƙirjina.
Sai dai na daina tsanar yarinyar da ta miƙa hannu.
Ita ce ni, ba ta da wata.

Jiya Rahina, sabuwar 'yar koyo, ta hango shi.
"Anti, ya yi kyau! A ina aka yi miki?"
Ban yi mata wa'azi ba.
Na faɗa mata kuɗin shiga, na faɗa mata kuɗin fita,
na ce hannunki ne, ke za ki kwana da shi.
Ta yi shiru tana wasa da almakashi.

Na tura hannun riga har gwiwar hannu,
don zafi ya yi yawa,
na taka keke.