Kashi Na Huɗu

A tsohon siton taba, a gefen birnin Plovdiv,
ni Lyuben, shekara hamsin da takwas,
na sake durƙusawa na shige cikin injin.

Injin kwaɓa fulawa ne, in kana son sani.
A kashi na farko ya haɗiye mai gidan burodi.
A na biyu aka jefa shi kogi, ya fito da tsatsa da ƙullaci.
A na uku suka ɗaura masa nakiya;
ni na share ɓaraguzansa da tsintsiya.
Yau ga shi da sabon fenti,
wai wani ɗan gwangwan ne ya harhaɗa shi.
Mutuwa a nan ba ta da nauyi,
muddin faifai ya sayu, gawa za ta miƙe.

Hannun dama na jan igiyar muƙamuƙi,
na hagu na matsa famfon jini,
gwiwa na danna jan ƙwai biyu da muke kira idanu.
Jinin kuwa sukari ne da launi,
Radka ke dafa shi a tukunyar miyarta,
kafin rana ta take, ƙudaje sun fi 'yan kallonmu yawa.

Darakta ya zo daga Ohio
da akwati ɗaya, da kwana goma sha biyu.
"Ƙara ihu, Zornitsa!"
Shekara huɗu ta yi a Sofiya tana koyon wasa,
ta haddace baitocin da ke sa dattawa hawaye,
yau magana ɗaya aka ba ta: "Wa ya kunna shi?"
Sau tara ta mutu kafin abincin rana,
don hannun robar ya ƙi tsinkewa inda ake so.

Ina jin su ta ramin ƙusa, gumi na cin idona.
Ban taɓa gaya musu ba,
amma na san injin da ke cin mutum.
A masana'antar gwangwanin tumatir na gan shi
ranar wata Talata, ba duhu, ba kiɗa.
Bai yi gurnani ba, ba shi da ido ko ɗaya.
Ya ɗauke yatsu uku na babana,
ya ci gaba da liƙa murfi.
Ko tsayawa bai yi ba.
Shi ya sa nake tausayin wannan namu,
da sai na ja igiya yake iya mugunta.

Da yamma mai kuɗin fim ya dafa kafaɗata.
Kashi na biyar, in ji shi, a sararin samaniya za a yi,
kuma kwamfuta za ta zana injin,
ba igiya, ba famfo, ba mai durƙuso.
Ya faɗa yana murmushi, yana cin gyaɗa.
Na duba fuskarsa ko zan ga jan ƙwai. Babu.

Jikata ta taɓa kallon na biyu ta tsakanin yatsunta.
Na ce, "Kin gan ni can?" Ta ce, "Kaka, ƙarfe ne."

Ƙullin dai na gaske ne, kilo ashirin,
ba a yi kasafin na ƙarya ba.
Radka ta yanke inda jini bai taɓa ba,
ta gasa mana.
Muka zauna a kan akwatunan fitila,
ni da matar da na kashe sau tara,
tana miƙo mini gishiri.